Keke a hanyar burji da duwatsu: yadda Bakatsine zai shirya

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Ƙaura da sassafe zai ga keke bai bar Katsina ba. 'Yan makaranta, masu kai madara da kayan lambu, dattawan da suka riƙe tsohon Raleigh ɗinsu tun zamanin ƙuruciya, duk suna nan suna tuƙi. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne matasan da ke hawan keke mai giya don motsa jiki, waɗanda kwalta ta fara gundurar su, suna son su gwada ƙarfinsu a burji da tsakuwa da hawa da gangara. A waje wannan ya zama wasa mai zaman kansa. A garin Emporia na jihar Kansas a Amurka ana yin tseren mil 200 a hanyar tsakuwa tun 2006, Hukumar Tseren Keke ta Duniya ta fara gasar duniya ta wannan fanni a Italiya a 2022, a Kenya kuma ana yin irinsa a yankin Masai Mara. Mu nan ba sai mun nemi hanyar ba. Da ka fita ganuwa ka bar titi, ka same ta.

Sai dai a faɗi gaskiya tun farko: ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce. Birnin yana wajen mita 500 sama da teku, kuma ba ka ganin duwatsu na kirki sai ka yi kudu, wajen Dutsin-ma da abin da ya yi gaba. Tsaunuka masu daji na gaske suna Filato da Mambila. To amma wanda ya iya yashi da ƙaya da gargadar hanyoyin ƙauyukanmu ya riga ya koyi rabin aikin, domin hanya mai wuya ba ƙarfin cinya ke cinye ta ba. Wanda ya iya karanta ƙasa, ya san lokacin sauka, ya kuma san wanda zai tambaya, shi ke kai wa.

Kafin maganar taya da birki, akwai wadda ta fi su nauyi. Babban dajin da muke da shi a kusa shi ne Dajin Rugu, wanda ya ratsa yankunan Safana da Batsari da Ɗanmusa har ya haɗe da dazukan Zamfara. Ba wurin hawan keke ba ne. Shekaru 'yan bindiga suna amfani da shi, kuma mutanen yankin sun sha wahalar da ta fi ƙarfin baki. Ko ka ji an ce an yi sulhu ko an samu sauƙi, wannan labari ne na masu zama a wurin, waɗanda ba su da zaɓi, ba lasisi ba ne ga baƙo mai neman nishaɗi. Hanyoyin da suka fita ta Ƙofar 'Yanɗaka zuwa Batsari da ta Ƙofar Guga zuwa Jibiya, kada ka bar titi a cikinsu. Ita ma hanyar Dutsin-ma ta Ƙofar Ƙwaya, duk da kyan duwatsunta da madatsar ruwan Zobe, sai da tambaya ta ranar, ba ta makon jiya ba. Inda aka fi sabawa da koyo shi ne gabas da arewa maso gabas: hanyoyin ƙauyukan da ke tsakanin Katsina da Mani, wajen Durɓi ta Kusheyi inda kaburburan sarakunan farko suke, da kewayen madatsar ruwan Ajiwa, da ɓangaren Kaita. Can ma ka tambayi direbobin tasha da 'yan acaɓa, don su ne ke da labari mai ɗumi. Matambayi ba ya ɓata.

Wane keke? Ba dole sai na miliyoyi ba. Keke mai giya na hannu, irin wanda ake kawowa gwanjo, ya isa idan bodinsa bai tsage ba kuma rim ɗinsa bai karkace ba. Ka duba wuraren walda da kyau, musamman ƙarƙashin wuyan keken, ka ɗaga gaba ka juya taya ka ga ko tana lilo. Abubuwa uku ne ba a wasa da su. Na farko faɗin taya: siririyar tayar tsere ba ta da amfani a nan, ka nemi mai faɗin milimita 40 zuwa 50, mai ɗan ƙurji a gefe. Na biyu giya mai sauƙi. Ka ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya, idan sun zo daidai, misali 34 da 34, ko na baya ya fi yawa, to za ka hau tudu a zaune. Na uku birki mai kamawa gaba da baya. Da yawa daga cikinmu mun saba da keken da birki ɗaya ne ke aiki, ɗayan kuma ƙafa ce. A cikin gari a kan ci sa'a, a gangaren dutse kuwa wannan ganganci ne.

Tsayin sirdi yana da sauƙin gwadawa. Ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da tafin ƙafa sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa bayan tafiya mai nisa. Hular kwano kuwa ba ado ba ce. Marmara ba ta da tausayi.

Maganar iska a taya ita ce inda masu koyo suka fi yin asara. An saba a kai wa mai faci keke, ya sa injin ya hura har tayar ta yi tauri, a ce ta yi kyau. A kwalta ba laifi. A burji tayar da ta yi tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa, tana gajiyar da hannu da baya, a kwana kuma sai ta zame. Ga mutum mai nauyin kilo 70 a kan taya mai milimita 40, ma'aunin 35 zuwa 40 a agogon famfo ya wadatar, ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi. Idan babu ma'auni, ka danna da babban yatsa, ta ɗan shiga amma ba ta lotsa ba. Kada kuma a rage fiye da kima, domin idan ka daki dutse rim zai matse tif ya huda shi wuri biyu a jere. Duk lokacin da ka ga irin wannan huda ta tagwaye, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne.

Ƙaya kuwa ita ce abokiyar gabar mai keke a ƙasarmu. Tsidau ya fi kowa ɓarna, don yana kwance a gefen hanya bayan damina, ba ka ganinsa sai ya shige. Sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya, musamman inda manoma suka sare rassa suka yi shinge, ko inda makiyaya suka sassabe wa dabbobi. Dokar ita ce ka bi sawun da aka riga aka taka. Layin da babura da kekunan ƙauye suka share ya fi tsabta, kuma mutanen da suka yi shi sun san dalilin kowace karkata. Idan za ka huta a inuwa, ka sauka tun a kan hanya ka ɗauki keken zuwa gindin bishiyar, kada ka tura shi cikin ciyawa. Akwai tsohuwar dabara da masu gyaran keke suka sani: a yanke tsohon tif a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif, ya zama garkuwa. Tana ƙara nauyi kaɗan, amma tana aiki. Wanda ke da hali ya sa taya marar tif mai ruwan toshe huda a ciki, ita ce ta fi dacewa da tsidau, sai dai zafinmu yana busar da ruwan da wuri, don haka a riƙa duba shi bayan wata biyu.

Faci da hannunka wajibi ne ka iya, kuma a gida ake koyo, ba a daji ba. Ka cire tif, ka hura, ka gano hudar da kunne ko da ɗan ruwa. Kafin komai ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo ƙayar, don idan ta zauna za ta huda maka sabon tif kafin ka yi nisa. Ka goge wurin da sanfefa, ka shafa sulushan siriri wanda ya fi facin faɗi, sa'an nan ka jira kamar minti biyar ya sha iska har ya daina ƙyalli. Gaggawa a nan ce ke sa faci ya ɗaga. Ka manna, ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe. Idan dutse ya yaga gefen taya, ka sa guntun tsohuwar taya ko kwali mai kauri daga ciki, zai kai ka gida. A jakarka kada a rasa tif biyu, kayan faci, famfo, ƙarfen cire taya, sufana da makullan da suka dace da kusoshin kekenka, filaya, ɗan maɗaurin sarƙa, da tocila.

Yanzu ga tuƙin kansa.

Yashi shi ne jarrabawar farko, kuma Katsina tana da shi a yalwace, musamman a labi da gindin rafuka. Kafin ka shiga, ka sauya zuwa giya mai sauƙi, ka ja jikinka baya a kan sirdi don gaba ya yi sauƙi, ka sassauta riƙon hannu. Kada ka daina taka feda, kada ka taɓa birki, kada kuma ka yi kokawa da kan keken. Zai yi ta lilo hagu da dama, ka ƙyale shi, idonka yana can inda yashin ya ƙare. Wanda ya kalli tayar gaba faɗuwa zai yi. Idan yashin ya yi tsawo har numfashinka ya fara yankewa, ka sauka ka tura. Babu abin kunya a ciki, kuma ƙarfin da ka adana za ka neme shi a gaba.

A burji mai gargada, inda motoci suka yi wa hanya ƙananan kunyoyi a jere, ka ɗan ɗaga daga sirdi, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, su sha girgizar. Yawanci can bakin hanya akwai siririn layi mai santsi. Idan mota ta taho ta tayar da ƙura, ka tsaya gefe har ta lafa, domin direban da ke bayanta ba ya ganin ka.

Hawa a kan tsakuwa ya bambanta da na kwalta. A titi mutum kan miƙe tsaye ya taka da ƙarfi. A nan da ka miƙe, nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a banza. Ka zauna, ka matso bakin sirdi, ka sunkuyar da ƙirji don kada gaba ya ɗaga, ka taka a hankali ba tare da fizga ba. Ka sauya giya kafin tudun ya kama ka, domin sauyawa ana tsakiyar matsawa shi ke tsinka sarƙa. Ka fara kowane dogon hawa da saurin da za ka iya magana da na kusa da kai. Da yake ba mu da dogayen tuddai, ga yadda ake cike giɓin: ka sami gajeren hawa ka yi ta maimaita shi, ko ka fuskanci iskar hunturu, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ka yi awa guda kana tuƙi a cikinta. Ka fita ka nufe ta tun kana da ƙarfi, ta turo ka gida a dawowa.

Gangara ce ke raunata mutane, don haka zan daɗe a kanta. Ka miƙe kaɗan, feda biyu a daidai da juna, ƙugu ya koma baya, yatsu a kan birki tun kafin a fara. Birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayarwa, amma idan ka damƙe shi farat ɗaya a kan tsakuwa, ko tayar ta zame ko ka wuntsila ta saman keken. Na baya shi kaɗai kuma jan ƙasa zai yi. Ka matsa su tare, a hankali, kamar mai tatsar saniya. Ka rage gudu kafin kwana, lokacin da keken yake a miƙe, ka saki birki a cikin kwanar, fedar waje tana ƙasa ka ɗora mata nauyi. Idonka ya riga keken da taku goma ko fiye, kuma ka kalli inda kake son bi, ba dutsen da kake gudu ba, domin keke inda ido ya kalla yake zuwa. A doguwar gangara kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Robar birki tana zafafa rim, zafin yana iya fasa tif, faifan birki ma idan ya yi zafi yana rage kamawa. Ka matsa, ka saki, ka matsa, kuma ka tsaya lokaci-lokaci ƙarfen ya huce. Duk gangaren da ba ka ga ƙarshensa ba, ka ɗauka akwai kwazazzabo ko garken shanu a bayan kwanar. Idan zuciyarka ta ce maka a'a, ka sauka.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, rafin da ka tsallaka a bushe da safe yana iya cika da yamma saboda ruwan da aka yi a wani wuri can nesa. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ba a shiga shi da keke. Jar laka kuma tana cushewa tsakanin taya da bodi har ta hana juyawa, a nan sai kankarewa da tsinke. Lokaci mafi daɗi shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, sai dai a rufe hanci saboda ƙura. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, don haka a fita bayan asuba a dawo kafin hantsi ya yi nisa.

Ruwa kada ya gaza rabin lita zuwa lita guda a kowace awa, gwargwadon zafi, kuma a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa. Gumi yana tafiya da gishiri, saboda haka gora ɗaya ta kasance ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri ba sai na kanti ba. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya, dafaffen dankali, duk suna riƙe mutum, fura kuma ana samun ta a yawancin ƙauyuka. Ka ci kaɗan-kaɗan bayan kowane minti 45. Idan abokin tafiya ya fara jiri, ko ciwon kai, ko maganarsa ta rikice, tafiya ta ƙare: a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti. A wuraren duwatsu a kula da inda ake sa hannu da ƙafa saboda kububuwa da kunama.

Kada ka tafi kai kaɗai. Uku ya fi, don idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. A gida a san hanyar da kuka bi da lokacin dawowarku, domin sabis yana ɗaukewa a wurare da yawa, kuma taswirar waya ba ta san gadar da ruwa ya cinye bara ba.

Akwai kuma ladabin hanya, wanda ni a wurina yana cikin gwanintar tuƙi. Ƙauye gidan mutane ne. Baƙi sanye da hular kwano da baƙin tabarau, sun rufe fuska, sun shigo a guje, a irin wannan zamani na fargaba, dole hankali ya tashi. Ka rage gudu tun daga bakin gari, ka cire tabarau da abin rufe fuska, ka sauka inda dattawa suke. "Salamu alaikum, Baba, barkanku da hutawa. Daga birni muke, muna motsa jiki ne. Don Allah ya hanyar gaba take?" Wannan kaɗai yana buɗe maka abin da waya ba za ta ba ka ba. Idan za ku daɗe, a gai da mai unguwa ko dagaci. Idan 'yan sintiri ko jami'an tsaro suka tsayar da ku, ku tsaya ku yi bayani, katin shaida yana aljihu. Matsattsen wandon tsere a ɗora masa wani a sama. Kada a ratsa gona, kada a ɗauki hoton mata ko gidaje ba izini. Garken shanu kuma a tsaya ya wuce, a yi wa makiyayi sannu. Idan wani dattijo ya ce muku, "'Ya'yana, ku koma daga nan," ku yi godiya ku juya, ko da bai faɗi dalili ba.

Wanda ya ƙware a gida, har yana iya yin kilomita 60 zuwa 80 a burji ya tashi washegari lafiya, ya isa ya yi tunanin tsaunuka. Jos tana sama da mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta sun kai wajen mita 1,800, kuma akwai tsofaffin hanyoyin ma'adinan kuza masu hawa da sauka. Filato ma tana da yankunan da ake rikici, saboda haka sai da ɗan gari. Babbar jarrabawa ita ce Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Bayan Serti, inda hedkwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, sai Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan hanya ta yi ta nannaɗewa tana hawa har Maisamari, ta wuce Nguroje zuwa Gembu, a tsayin da ya kai wajen mita 1,600. A can akwai gonakin shayi na Kakara da dajin Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin dazukan kan tsauni da suka rage a Najeriya, kuma a wannan yanki ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mita 2,419. Shiga gandun daji sai da izinin hukumarsa da ɗan rakiya.

Abin da zai ba Bakatsine mamaki a can shi ne sanyi da ruwa. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6, kuma wanda ya jiƙe da gumi a hawa zai yi rawar ɗari a gangara, don haka rigar ruwa da ta sanyi su shiga jaka. Damina a Mambila ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, hazo yana rufe hanya cikin ɗan lokaci, saboda haka a je tsakanin Disamba da Fabrairu, da fitila gaba da baya. A tafi da robar birki ta canji, don gangara ɗaya mai laka tana iya cinye sabuwa. Lissafin tafiya kuma ya koma na awa, ba na kilomita ba: nisan da kake yi cikin awa biyu tsakanin Katsina da Mani yana iya cin yini a kan dutse. Ranar farko a yi gajeren zagaye, jiki ya saba da iskar sama.

Ko daga Mambila ka dawo ko daga Ajiwa, kada ka jingine keken da ƙurarsa. Ka wanke shi da bokiti da tsumma, ba da injin wankin mota ba, don ƙarfin ruwan yana kore giris daga cikin boris. Ka goge sarƙa ta bushe, ka ɗiga mata mai marar kauri, ka sake gogewa har sai ba ta damƙar yatsa. Baƙin man inji da aka saba shafawa yana tara ƙura, ƙurar kuma ta yi ta cin haƙoran giya. Ka bi tayoyi ka zare ƙayoyin da suka maƙale tun ba su kai ga tif ba, ka gwada wayoyin rim ɗaya bayan ɗaya, wanda ya saki a kai wa mai gyara ya ɗaure kafin fita ta gaba.